Goyo

Shekara goma sha ɗaya a Toledo
ta shige cikin motar haya mai tsawon ƙafa ashirin,
har da sauran fili.
Filin nan ya fi komai ci mini rai.

Sahabi ne ya zo taya ni lodi.
Ya ce, masu nauyi gaba, Malam, firji da littattafai,
in ka bar nauyi a baya wutsiya ta dinga kaɗawa ke nan
har ta watsa ka a rami.
Muka naɗe tukwane a barguna don kada su yi surutu.
Turmin da ya tsallako teku tare da mu
ya samu kusurwa ya zauna kamar dattijo.

Saura motar Lantana.
Dillali ya taya dala ɗari tara, yana shurin tayarta da takalmi.
Na ce albarka.
Ni na hau da ita kan tirela, gwiwoyina na dukan sitiyari,
don tun bara ban matsar da kujerar ba.
Sahabi na ɗaga hannu: dama kaɗan, dama, tsaya.
Muka ɗaure tayoyi, sarƙa biyu a gicciye,
yadda ake ƙulla majanyi.
Ita da ta goya mu zuwa Idi, zuwa makaranta,
zuwa asibiti sau nawa ban ƙirga ba,
yau ita ce a goye.

Yaron kamfanin haya ya ba ni makulli da nasiha guda:
kada ka shiga inda sai da ribas za ka fita.
Na ce to.
Bai san shekara guda ke nan ina wannan karatu ba.

Indiyana masara ce, masara, sai allon talla.
Manyan motoci na wuce mu, iskarsu na bangaje mu
kamar kasuwa ranar jajibere.
Nusaiba ta yi barci da tukunyar na'a-na'a tsakanin ƙafafunta.
A miƙaƙƙiyar hanya ba na ganin abin da nake ja,
akwatin kaya ya tare.
Sai an zo kwana take leƙowa a madubin gefe,
fitilu a kashe, ba kowa a ciki,
sannan ta sake ɓuya.
Na fara son kwana.

Kowane gidan mai sai na zagaya,
in ja ɗamara, in taɓa ƙarfe in ji ko ya yi zafi.
Carbinta mai ruwan toka yana nan yana lilo shi kaɗai.
La'asar na yi ta kan kwalin talabijin
tsakanin motar shanu da motar katako,
wani direba mai jan gemu ya kashe injinsa har na sallame.

Mun haye Misisipi da magariba.
A masaukin Mizuri na cinye gurbin mota shida,
na kwana da labule a buɗe.

Tulsa ta tarbe mu da zafi da ƙarar kwari.
Gidan ƙarami ne, mai gidan ya bar makulli ƙarƙashin bulo.
Na kwance sarƙa, na zaro matakala,
na tsaya ina juya makullin motar a hannu.
Nusaiba ta ce, Baba, kawo.

Sha bakwai gare ta, lasisinta bai yi wata uku ba.
Ta shiga, ta kai hannu ƙarƙashi za ta gyara kujera,
sai ta fasa.
Ƙafarta ta kai birki daidai.

Ta dube ni ta gilashi.
Na koma baya na tsaya kan ciyawa, na ɗaga hannu.
Ta sa ribas.
Hagu kaɗan, na ce, hagu,
taho.