Ɗan Ƙirga

Sau uku ran nan ya yanke mini wuta.
Zoɓo bai daskare ba, kunun aya ya soma tsami,
ga Nepa ta kawo tun asuba, abin da ba halinta ba.
Na aika Muciya a kira Sallau:
zo ka cire farin akwatin nan naka,
fitinarsa ta fi amfaninsa.

Ya iso Gyallesu da tasta a aljihun gaba,
ya tsaya a zaure, bai taɓa komai ba.
Ya ce, Tabawa, kin san mai kiwon unguwa?
Tumaki arba'in ya kora da safe,
arba'in zai ƙirga da yamma.
In talatin da tara suka shigo,
ba ya cin tuwo.

To, haka wannan.
Ta waya ɗaya wuta ke shiga,
ta ɗayar take komawa,
shi yana tsakani, bai san gyangyaɗi ba:
nawa ta tafi, nawa ta dawo.
In sun yi daidai, shiru.
In ɗigo ya ɓace,
ɗan mitsitsi, wanda ba zai ɗumama shayi ba,
sai ya ce, ta ina ya bi?
Ta ƙarfe? Ta jiƙaƙƙen bango?
Ta ƙirjin mutum zuwa ƙasa?
Ba ya jiran amsa.
Ƙas!

Na ce, fis fa, aikin me yake yi?
Ya ce, fis waya yake gadi kada ta ƙone.
Kafin shi ya ji zafi
an kai mutum makwanci.

Muka ja firiza daga jikin bango.
Ɓera ya yi walima a baya,
jan ƙarfe tsirara ya jingina da gangar jikinta,
ƙarƙashi kuma ruwan daren jiya
da ya biyo ta kwanon da nake ta cewa gobe.

Sai ga muryar Hansatu daga bakin ƙofa,
shekara bakwai, ba takalmi,
hannu jiƙe da wankin gora:
Inna, ni ce.
In na taɓa murfin sai abu ya cije ni,
sai wuta ta ɗauke.
Na ji tsoro kar a ce na ɓata.

Sau nawa?
Ta ɗaga yatsu uku.

Ƙafafuna suka ƙi ni, na zauna a kan turmi.
Sallau yana yanke wayar, bai dube ni ba,
na gode masa da wannan.

Kunun aya na dubu huɗu na tuttular a kwata.
Yanzu duk tsayuwar wata
nakan hau kujera in danna ɗan maɓallin gwaji,
in ji ƙas ɗin nan, in mayar.
Da magariba kuwa ina bakin zaure
ina motsa leɓe.
Biyar suka fita.
Ɗaya, biyu, uku, huɗu.
Hansatu, kullum ita ce ta ƙarshe.