Littafin Awo

Ina da littafi a ƙarƙashin keken ɗinki,
bangonsa ya sha mai da gumin hannu.
Duk wanda na taɓa yanka wa riga a Kasuwar Dole
ƙugunsa na ciki, da wata, da shekara.
Igiyar awo ba ta iya ƙarya,
ba ta san rarrashi ba, ba ta san mantuwa.

Shafin Kiyari ya fi kowanne cika.
Tamanin da huɗu, shekarar da ya zo daga Gure.
Casa'in da bakwai, bayan ya kama gadin dare
a ma'ajiyar siminti ta hanyar Tanut.
Ɗari da sha tara, Sallar bara.
Nakan ce, "Kiyari, yadi biyar ya zama na yara."
Shago ya kwashe da dariya,
shi ma ya yi tasa,
irin wadda ba ta isa idanuwa.

Ya yi azumin Litinin da Alhamis,
ya rabu da alkaki kamar an raba shi da amini.
Kilo shida suka tafi da damina.
Kafin a gama ɗaure gero
sun dawo su takwas, ko gaisuwa.

Wata Laraba wuta ta ɗauke.
Likita Zuwaira na kan benci
tana jira in rage hannun farar rigarta.
Ta ji barkwancin. Fuskarta ba ta motsa ba.
Ta ɗauki allina,
ta mai da teburin yanka allo,
ta zana ƙoƙon kai, ta ɗiga tsakiyar ƙwaƙwalwa.

Ta ce, "A nan, wuri bai fi ƙwayar gyaɗa ba,
akwai mai tsaron rumbu.
Bai taɓa ganin akushi ba,
saƙo kawai yake ji ta hanyar jini.
Ciki in ya yi fayau, ɗan aikensa girelin
ya ruga ya ce a kawo.
Kitse ma ba bebe ba ne,
nasa jakadan leftin, ya ce ya isa, a dakata.
To amma jakada in ya yi ta sallama dare da rana,
sai mai gida ya zama mazaunin bakin tasha
da ƙahon mota ya daina tashinsa.
Rumbu ga shi maƙil,
mai tsaro na shelar yunwa.

"Ka rage ci, ya zaci fari ne,
ya janye itace daga murhu, ya ƙara kwaɗo a ƙofa.
Ka hana ido barci,
ɗan aiken ciki ya ƙara tsawa."

Na yi shiru, almakashi a hannu.
Ai mu mutanen Damagaram mun san wannan.
Famfo in ya yi tari ƙarfe ukun dare,
wa ke cika jarka ɗaya ya koma shimfiɗa?
Randa, tukunya, buta, har kwanon sha,
don ba mu yarda gobe zai zo ba.
Ashe jiki ma ɗan garin nan ne,
ya haddace ƙishirwa.

Kiyari ya daɗe yana kallon ɗigon allin.
Ya ce, "Wato ba ni kaɗai ke riƙe da linzami ba?"
Ta ce, "Kana riƙe da gefe. Ka zo asibiti mu duba,
mu fara da barcinka."
Wuta ta dawo. Ba wanda ya lura,
sai fanka da ta soma juyawa.

Yanzu bayan asuba, in ya sauka daga gadi,
mukan zaga duwatsun Birni, ni da shi,
yana haki, ina haki.
Ban goge zanen ba, a gefensa nake yanka.
Jiya na auna shi: ɗari da sha bakwai.
Na rubuta, na ja bakina,
na bar masa yatsu uku a cikin ɗinki,
ko don ragi, ko don ƙaruwa.