Littafin Awo

Shagona na Rijiyar Ɗorowa, gindin dalbejiya:
keke ɗaya, almakashi, alli, tef a wuya.
Shekara ashirin da uku ina auna mutanen Sakkwato.
Ban yi karatun likita ba,
amma ina da littafin da bai iya ƙarya ba.

Shafi na sha tara: Haliru ɗan Modi, Mabera.
Ƙugu talatin da biyu, makon da ya kama aiki,
lokacin da ƙafa yake zuwa sakatariya,
yadi huɗu ya ishe shi har da ragowar aljihu.
Talatin da shida, shekarar babur.
Arba'in, shekarar mota.
Arba'in da shida na rubuta da jan biro,
na ce masa shaddar ce ta tsuke a wanki.
Ƙaryar tela ce. Ya yi dariya, ni ma na yi.
A masallaci ana cewa, "Alhaji ya murje, hutu ya karɓe shi."
Tumbi a garin nan shaida ne,
kamar takardar fili.

Jiya bayan la'asar rediyo ta ɗau zafi:
wai a ƙara wa lemon kwalba haraji,
wai a kore shi daga ƙofar makaranta.
Ladan mai shayi ya daki tebur, kofuna suka yi tsalle:
"Wa ya aike su? Cikina ne, kuɗina ne!
Ba su kawo wuta ba, ba su kawo ruwa ba,
sai cokalin sukarina sunka gani?"
Tambari mai gyaran agogo bai ɗaga kai ba:
"Kai da ka juye rabin gwangwanin madara a kofi guda,
in anka bar ka da mutane, sai ka gama da su da daɗi."
Wani ɗan kabu-kabu ya ce, "Ku bari.
Kwana tara famfonmu bai yi tari ba,
lemo kuwa ga shi da raɓa a kowace kwana.
A ranar Afrilu, wa ke ce wa maƙogwaro yi haƙuri?"
Ni ban tanka ba, allura na bakina.
Na dai san baki na mai shi ne,
na kuma san ba shi ya dasa firji a bakin hanya ba.

Yau da hantsi sai ga Haliru, da sanda.
Ƙafar hagu a naɗe, takalmi ɗaya.
Yatsu biyu ya baro a asibitin koyarwa.
Ya ajiye riguna shida, ya ce a rage.
Talatin da takwas.
Abin da ya ƙi yi da kansa, ciwon suga ya yi masa,
bai kuwa nemi izini ba.
"Ba wanda ya ɗura mini," in ji shi,
"amma ba wanda ya ce kul, har kai."
Na duƙa kamar ina neman alli.

Sannan ya turo ɗansa, Nafi'u, ɗan sha ɗaya,
a auna shi, kayan makaranta sun matse.
Yaro mai fara'a, kwalba a hannu, bakinsa ja.
Na zagaya tef, na duba, na sake zagayawa.
Talatin da biyu.
Uban ya tambaya, "Nawa?"
Wannan karon ban ɗora wa wanki laifi ba.
Na buɗe shafi na sha tara, na nuna masa layin farko.
Ya daɗe yana kallo.

Da suka tafi na ja ƙyauren shago rabi,
na ɗaga taguwata, na auna tela.
Ba zan faɗi lambar ba.
Ƙarƙashin kekena akwai kwalabe bakwai,
na mako guda, ba gwamnati ta sha su ba.
Ta takwas na nan kan tebur, tana gumi,
ni ma ina yi.