Ja da Kore a Banex

Hawa na biyu, shagon Obinna,
kwali biyu kan tebur, ja da kore,
zakaru biyu a akurki ɗaya.

Jazuli ya dafa koren:
"Wannan ba ya zafi, ba ya tari,
kafin shayinka ya huce ya gama aiki."
Tasi'u ya ja tsaki:
"Suna kake saya, ba ƙarfe ba.
Jan nan fanka uku gare shi,
ƙwaƙwalwa ta fi, kuɗi bai kai ba.
Dubu tamanin tsakani, ba wasa ba."

Obinna na latsa kalkuleta:
"Dala ta motsa da safe."
Duk ran da na zo motsi take,
ban taɓa iske ta zaune ba.

"Akwai rangwame, cike fom,
bayan wata uku kamfani zai maido maka."
Kuɗin da ya haye teku,
wa ya taɓa yi masa sannu da dawowa?

Ni dai katin hotona ya ƙone ran Talata
da wuta ta dawo da fushi a Kubwa.
Amare uku na jiran bidiyonsu,
uwar ɗaya ta kira sau tara.

Suna ta musu, ko sisi ba su da shi.
Na laluba aljihu, na rage murya:
"Na hannu fa?"

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur,
ya fito da shi cikin leda, fanka duk ƙura.
Ya hura.
Muka yi atishawa mu huɗu.