Gado na Tara, Alappuzha

Ruwan damina na dukan kwano tun la'asar.
Tsohon masunci a gado na tara,
zuciyarsa na tafiyar hawainiya.

Likita Sreelatha ta juya takarda, ta sake juyawa:
magani daidai, awo daidai.
Jincy ta rantse da hannunta ta ba shi,
ko ƙwaya ɗaya ba ta tsallake ba.
Thankachan na ɗakin magani ya hayo bene yana haki,
ya ce, wani abu na kokawa da ƙwayar nan a cikinsa,
ban dai san sunansa ba.

Sai Omana ta jingine tsintsiya.
Shekara goma sha bakwai tana sharar ɗakin nan,
ba a taɓa tambayarta komai ba sai bokiti.
Ta ce, kullum da asuba
ina kwashe taunannen ganye a ƙarƙashin gadonsa,
'yarsa ke kawowa cikin kwanon shinkafa.

Shiru, sai yoyon taga.
Likita ta muskuta a kan benci,
ta ce, zauna nan, Omana, yaya kamannin ganyen?
Thankachan ya cire murfin biro.