Mikiya a Rigar Gwanjo

Shekara talatin da ɗaya na shaƙi alli a Kawo,
ina koyar da tarihin Rumawa ga yaran da ba su karya ba.
Yau fansho na tafiyar hawainiya, gwiwa ta ƙi matakala,
sai ga Rum ta biyo ni har Kasuwar Barci,
rataye a igiya, sabon kwancen dila:
riga mai mikiya, fukafukai a buɗe,
kibau a ƙafa ɗaya, ganye a ɗayar.
Na ce wa mai kayan, "Na san tsuntsun nan.
Da can a kan sanda yake, a gaban runduna."
Ya ce, "Baba, dubu biyu ne. Ka saya ko ka matsa."

Da dare, gidan kallon Gambo, naira ɗari,
ƙarti biyu sun shafa mai suna kokawar Amurka,
dubban bakuna na ihu: a ƙarasa shi! a ƙarasa shi!
Yaran layinmu ma sun haye kan benci.
Ni na taɓa zana wannan fage a allo,
da ƙofar zakuna, da rumfar manya,
na rubuta a ƙasa: a ba su gurasa, a ba su wasa,
ba mai tambayar inda baitulmali ya kwana.
Sai janareta ya shaƙe. Duhu. Tsaki ta ko'ina.
Daula ta faɗi na minti goma sha biyu
kafin Gambo ya samo rancen fetur.

Su ma suna da dattawa a majalisa
ƙarƙashin farin gini mai ginshiƙai,
ana cinikin kujera kamar rago a jajiberen Sallah.
Su ma bayi ne suka haƙa musu harsashi,
sannan aka sassaƙa 'yanci a saman ƙofa.
Kuɗinsu mai kan mutum a jiki
ya fi takobinsu nisan zango.
Tambayi 'yan canji a bakin titi
wa ke yanka farashin mudun da Kulu za ta auna gobe.

Amma ba wannan ke hana ni barci ba.
Na koyar cewa Rum kan ɗebi 'ya'yan gefe,
ɗan manomi daga ƙasa mai nisa,
ya shekara ashirin da biyar yana gadin iyakar wasu,
a sallame shi da guntun tagulla: yanzu kai namu ne.
Na sa wannan a jarrabawa. Maki biyar.
Tasi'u ya cinye biyar ɗin cif.
Yanzu ga hotonsa a wayar uwarsa,
kaki ruwan ƙasa, kai a aske, tuta a kafaɗa,
yana jiran takarda a sansanin da ba ya faɗin sunansa.
Kulu ta ce, "Ya yi ƙiba," ta goge gilashin da bakin mayafi.
Na ce, "Allah ya tsare."
Ban ce tagulla ba.

Ba baki nake musu ba. Ni a wa?
Mu ma muna da kangonmu. Je ka Kakuri,
masaƙun da jiniyarsu ke tashin gari da asuba,
yau ƙadangare ne manaja, ciyawa ce leburori.
Ba sai ka je Rum ba za ka ga yadda bango ke tsufa.
Ko kogin nan, ina kadojin da suka ba shi suna?

Tun la'asar ruwa ke dukan kwano.
Agusta ne, sunan wani sarkinsu
da rabin duniya ta yi wa rawar jiki.
Abin da ya rage masa a unguwar nan
shi ne watan da lambatu ke ambaliya, masara ke araha.

Af, na sayi rigar. Dubu ɗaya da ɗari biyar.
Ta yi mini yawa a kafaɗa.
Kulu ta toshe tagar da ke yoyo da ita,
mikiyar na kallon waje, ta jiƙe sharkaf,
mu kuma muna ciki,
muna jiran waya ta yi ƙara.