Kaddahat

Ƙarfe biyun dare a Tibariya,
tafki ya yi shiru, karnuka ma sun gaji.
Tirza ce kaɗai ba ta san dare ya raba ba,
goshinta kamar murfin tukunya a kan wuta.

Na jiƙa tsumma, na matse, na ɗora,
kafin in waiga ya bushe.
Talatin da tara da rabi, in ji ma'auni.
Na girgiza shi kamar shi ne mai laifin,
na sake cusa shi a hammatarta.

Surukina Yihye ya fito yana lalube da sanda.
Shekara arba'in ya yi yana kwafar rubutu a kan fata
har idanun suka ce sun sallama.
Bai taɓa yarinyar ba,
ya dai kai tafin hannu kusa, kamar mai jin ɗumi a murhu.
"Kaddahat," ya ce,
sai ka ce tsohuwar maƙwabciya ce ya gane muryarta.

Na ce, Baba, suna zai sauke zafi?
Ya ce, a'a.
Amma baƙon da kika san gidan ubansa
ba ya firgita ki kamar wanda ya diro ta katanga.
Harafi uku ne ƙashin bayanta,
kof, dalet, het,
kuma ba ciwo suke nufi ba, kunnawa suke nufi.
Mutanen da ba su ce jiki ya yi zafi ba,
cewa suka yi an kunna,
an hura, an bar ta tana cin abin da ta samu.
Sau biyu tak take zuwa a duk kwafin da na yi,
duka biyun a layin la'ana,
inda mai karatu ke rage murya ya wuce da sauri.
Alƙalamina bai taɓa son rubuta ta ba,
amma bai taɓa tsallake ta ba,
don fata ba ta karɓuwa in babu ita.

Na ce, to wa ya kunna?
Wa ya dubi 'yar shekara biyar ya ga itace?
Bai amsa ba.
Fanka ta ci gaba da juya iskar da ba ta da amfani,
Tirza tana kiran wata kyanwa da ta daɗe da ɓata.

Can sai ya ce, kin taɓa karanta jikin motar Amram?
Mijinki yana kudu yana haƙa rijiya,
haruffan nan uku ne a ƙofar motarsa,
don huda ma sunanta ke nan.
Ni dai a ganina, tsinke ne ya haɗa su:
a murza shi a kan busasshen itace,
ya yi rami, ramin ya yi hayaƙi.
Mai huda da mai kunnawa uwarsu ɗaya,
sai dai ɗana yana huda dutse
ba don wuta ba, don abin da ke kashe ta.

Ban ce komai ba. Na canza tsumma.
Na ƙirga numfashinta har na rasa lissafi.

Wajen asuba na ji damshi a tafina.
Na ɗauka tsumman ne, ashe gashinta ne,
wuyanta, matashin, rigar duk sharkaf.
Na ce, Baba, an kai ga ruwa!
Tsohon ya riga ya yi barci a zaune,
haɓa a kan sanda, baki a buɗe.

Tirza ta buɗe ido, ta dube ni kamar ta dawo daga tafiya,
ta ce tana son lemo,
amma a ɓare mata.